Bene a Kan Tasha: Yadda Ginshiƙai 18 Suka Shaƙe Wata Tashar Mota a Damagaram

Asalin wurin

Fili ne na gado, mita 40 a bakin titi, mita 60 zuwa ciki, a kan kwana. Ta gabas akwai wata hanyar ƙasa mai faɗi, kuma a jikin katangar wannan ɓangaren an jera ƙananan shaguna 11 na kwano. Marigayi mahaifinsu ne ya mai da filin tasha tun suna yara. Da ya rasu, tashar ta koma hannun babban ɗansa, wanda zan riƙa kira Alhaji, shagunan kwanon kuma suka faɗa rabon ƙannensa mata biyu.

Layi takwas ake lodi a ciki: Magarya, Matamai, Dungas, Mirya, Gure, Tanut, Tasawa da Kano. Yawanci ƙananan bas ne, sai manyan motoci biyu na wani kamfani da ke biyan haya a wata. Ƙofa ɗaya ce, mita 8, babu komai a samanta sai sararin Allah. Ranar Alhamis, da kasuwar Damagaram ke ci, akan ɗan matsu, amma dai ana shiga ana fita.

Damagaram ba ta da jirgin ƙasa, kuma ba ta taɓa yi ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, gyaɗar ƙasarmu ma a wancan zamani can ake kai ta a loda. Layin Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 bai shiga jigilar yau da kullum ba, na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuwa a Maraɗi zai tsaya. Duk da haka tashar jirgin ƙasa ce ta haifi matsalar da ta shaƙe tashar Alhaji, kuma daga tashoshin jirgin ƙasa aka aro maganinta.

2018: abin da Alhaji ya gano a tafiya

Alhaji ɗan kasuwa ne mai zuwa Sin saro kaya. A wata tafiya ya bi ta Hong Kong, ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Kowloon, ya hau matakala mai tafiya da kanta, sai ga shi cikin kantuna, sama da kantunan kuma ga bene mai tsawon mita 484. Ya dawo da hoton a waya yana nuna wa duk wanda ya zauna kusa da shi. Hujjarsa ba ta da aibu: tasha tana tara jama'a, jama'a su ne ciniki, to don me za a bar iska tana shawagi a bisa kawunansu ba ta biyan haya?

Abin da hoton bai nuna ba shi ne, a can tare aka zana tasha da bene tun a takarda. Kamfanin jirgin ƙasan birnin ne ke riƙe da ikon gini a saman tashoshinsa, shi yake faɗin inda ginshiƙi zai sauka, sannan mai bene ya bi. A nan an fara daga shago ne aka sauko ƙasa.

Janairu zuwa Yuni 2019: ginin farko

Magini ya yi lissafinsa kan shago mai faɗin mita 4. Aka kafa ginshiƙai 18, jeri uku na shida-shida, aka zuba rufin siminti, wanda maginanmu ke kira dal, mai mita 20 a mita 8, daidai kan ƙofar tasha. A sama aka fitar da shaguna 10 da baranda a tsakiya. Aka bar ƙarafa a miƙe don hawa na biyu da na uku, da niyyar nan gaba dal ɗin zai miƙe har ƙuryar fili.

Abu uku suka faru ranar da aka cire katakon tallafi. Ginshiƙi ɗaya ya sauka a tsakiyar ƙofa, ya raba ta gida biyu, kowane ɓangare bai cika mita 4 ba. Matakalar hawa shaguna ta sauko cikin ɓangaren hagu ta cinye kusan rabinsa, ya zama babur da amalanke kaɗai ke wucewa. Na uku, daga ƙasa zuwa gindin dal mita 3 ne da santimita 20.

Magini ya auna ƙaramar bas a fake, babu kaya, ya ga akwai sauran sarari fiye da mita guda. Amma wa ya taɓa ganin motar Tanut ta tashi da kai a aske? Buhunan hatsi, jarkoki, katifa, wani lokaci babur a kwance, duka a ɗaure a sama da raga. Manyan motocin nan biyu kuwa ko babu tsinke a kansu ba su shiga. Kamfanin ya yi wata biyu yana lodi a bakin titi, sannan ya kama wani wurin.

Agusta 2019 zuwa Disamba 2020: ciwon ya kwanta

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, layin Kano ya mutu, na Magarya da Matamai suka yi sanyi. A Maris na 2020 korona ta zo ta ƙara. Motoci suka ragu har ƙofa ɗaya ta wadatar. Shaguna goma kuwa duk an kama, kowanne jika 25 a wata: masu waya, mai ɗinki, mai tura kuɗi, mai kayan kwalliya. A littafin Alhaji, shekara da rabi ke nan gini yana biyan kansa. Wanda ya ce da shi akwai matsala a lokacin, da mahassadi zai kira shi.

Aka buɗe iyaka a Disamban 2020. Kafin azumi tasha ta shaƙe.

2021 zuwa 2022: dabaru biyar

Da farko direbobi suka nemo wa kansu mafita. Fasinja ya shiga mota a ciki, mota ta fito, sai a ɗaura kaya a waje. Wadda ta dawo daga ƙauye kuma ta sauke kaya a waje kafin ta shiga. Bakin titi ya koma tasha ta biyu, ƴan kabu-kabu da ƴan adaidaita suka kewaye, maƙwabta suka fara kai ƙara.

Alhaji ya sa aka haƙe ƙasan ƙofa da santimita 50 don a samu tsawo. A gefe ɗaya diga ta ci karo da dutse, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa haƙa masai a garin nan, aka bar wurin a karkace. A ɗaya gefen aka tono har gindin ginshiƙai biyu ya bayyana. Ruwan Agusta na farko ya mai da ramin tafki, mota uku suka mutu a ciki rana ɗaya.

Daga nan aka kawo shawarar a sare ginshiƙin tsakiyar ƙofa a tare wurin da ƙarfe. Wani injiniya da aka kira ya hau sama, ya duba, ya sauko ya ce shi ba da hannunsa ba: bangon shaguna biyu a kansa yake zaune. Wannan ƙin da ya yi shi ne aiki mafi amfani da aka yi a shekarar, ko da yake ba a gode masa ba.

An ɗauki samari biyu da usur su tsaya bakin ƙofa. Sun rage faɗa, ba su ƙara faɗin ƙofa ba. An kuma ninka kuɗin shiga ranar Alhamis don a rage motoci, sai ƴan layin Mirya suka kwashe gaba ɗaya suka koma lodi gindin wata bishiya a hanyar fita gari. Zuwa ƙarshen daminar 2022 layi bakwai suka rage, kuma shago uku na sama sun zama babu kowa, don mata masu sayayya sun gaji da ratsa hayaƙi da ƙahon mota kafin su kai matakala.

Nuwamba 2022 zuwa Yuni 2023: ƙirga

A nan aka neme ni, ta hannun ƙaramar ƙanwarsa, wadda muka yi makaranta tare. Alhaji ya tarbe ni da zane a hannu: yana so ya ci gaba da dal zuwa ciki, amma a wannan karon da tsawon mita 5.

Na ce, "Alhaji, a ba ni Alhamis huɗu da jajibirin Salla kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya."

Ya ce, "Malam, me za ka ƙirga? Ga ido na gani, wuri ne ya yi kaɗan."

Na ce ido ya san ƙima, amma ba mudu ba ne. Ya yi dariya ya ce in je in auna.

Yara huɗu na sa, kowa da littafi da agogon waya. Biyu suna rubuta lambar kowace mota da lokacin shigarta da fitarta. Ɗaya yana ƙirga masu ratsa ƙofa a ƙafa, minti 15 bayan minti 15. Na huɗun yana tambayarsu ina za su. Ni kuma ina zaune a teburin mai shayi da ke kallon ƙofar, inda na sha shayin da ya fi ƙarfin cikina.

Wata safiya da misalin tara da rabi na ga abin da ya taƙaita mini komai. Motar Gure ta cika tana son fita. Motar Dungas ta sako kai tana son shiga. Wani mai amalanke da katon-katon na sabulu ya tsaya a gindin matakala yana jiran yaron shago ya sauko. Wata tsohuwa da tunkiya a igiya ta shiga tsakanin motocin biyu, tunkiyar ta turje. Minti 11 babu abin da ya motsa. A cikin fili kuwa, bayan motar Gure, akwai motoci fiye da 20 a fake, direbobinsu na barci a inuwarsu.

Ga abin da littattafan suka nuna. A Alhamis mafi cika mota 74 suka tashi tsakanin asuba da magariba. Kowace mota tana yin kusan awa 3 da minti 40 a ciki, amma ainihin lodi bai wuce minti 45 ba, sauran duk jiran layi ne. A lokacin da ya fi cunkoso mutum 210 suka ratsa ƙofa cikin minti 15, kuma matafiya a cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran ƴan rakiya ne, ƴan talla, ƴan dako da masu hawa shagunan sama. Jajibirin Babbar Salla, a Yunin 2023, adadin ya kusa ninkawa.

Wato fili bai yi kaɗan ba. An mai da shi wurin kwanan motoci ne, sannan aka tura mota da mutum da kayan shago ta maƙogwaro ɗaya.

Tashoshi biyu na gari ɗaya

Na san lissafi kaɗai ba zai raba Alhaji da hoton wayarsa ba, don haka na kawo masa nawa hotunan, duka daga New York ta Amurka.

Tashar Penn an buɗe ta a 1910. Da kamfanin jirgin ya shiga matsin kuɗi, sai ya sayar da ikon gini a samanta. A 1963 aka fara rushe ginin tashar, a 1968 aka buɗe zauren wasanni na Madison Square Garden a kanta, tare da benen ofisoshi. Jirage suka ci gaba da tafiya a ƙasa, kan layukan dogo 21, amma ginshiƙan da ke ɗauke da ginin sama sun sauka har cikin dandamalin da fasinja ke tsayawa. Kafin korona fiye da mutum 600,000 ke bi ta tashar a ranar aiki. Dandamali siriri, matakala a matse, rufi a kusa da kai. Idan jirgi ya tsaya, sai jama'a sun gama tsiyayewa ta matakala kafin wasu su sauko, jirgin ya daɗe a tsaye, na bayansa ya jira a rami. Masu tsara jirage sun daɗe da sanin cewa yawan jiragen da tasha ke iya ɗauka a awa ya dogara ga tsawon zaman kowane jirgi a dandamali, kuma faɗin matakala na daga abin da ke yanke wannan zaman. A Janairun 2021 an buɗe sabon zauren fasinja a tsohon gidan waya da ke tsallaken titi. Ya ba mutane wurin numfashi, bai ƙara layin dogo ko ɗaya ba. Zauren wasannin yana nan, a 2023 ma an sabunta masa izini na shekara biyar.

A tashar Grand Central, wadda aka buɗe a 1913, an so a ɗora bene mai hawa 55 a kan ginin a 1968. Hukumar birni ta hana, aka kai har kotun ƙoli, a 1978 birni ya yi nasara. Benen One Vanderbilt mai mita 427 da aka buɗe a 2020 a gefen tashar yake, kuma sai da masu shi suka zuba dala miliyan 220 a sababbin matakala da hanyoyin fasinja a matsayin sharaɗin ba su izinin wannan tsawo.

Alhaji ya daɗe yana kallon hoton dandamalin Penn. Sannan ya ce, "Su ma ashe ba su iya cire potonsu ba," wato ginshiƙansu. Na ce shekara fiye da 50 ke nan.

Yuli 2023 zuwa Maris 2024: gyara

Shawarar da na bayar ba ta da gini sabo. A bar wa masu ƙafa ƙarƙashin dal gaba ɗaya: a cike ramin, a zuba daɓe, a sa bencina da teburin tikiti. A juya matakala ta fuskanci titi, mai zuwa shago ya hau ba tare da ya taka tasha ba. A fasa katangar gabas a buɗe ƙofa biyu, kowace mita 6, ɗaya shiga ɗaya fita, mita 30 tsakaninsu, babu rufi a kansu. Kowane layi ya samu gurbi biyu kawai, mai lodi da mai bi mata. Sauran motoci su jira a wani kango da aka kama haya, tafiyar minti biyar a ƙafa, a kira su a waya.

Wuya biyu aka sha, kuma babu ta siminti a ciki. Ta farko, ƙofofin sun ci shagunan kwano huɗu, na ƙannensa. Babbar cikinsu ta ce, "Yaya, kai ka yi gininka, mu za a rushe wa?" Sai da kawunsu ya zaunar da su sau uku kafin aka daidaita: a ba su hayar shago huɗu na sama a madadin. Kuɗin ya fi abin da suke samu a da, amma ta sa aka rubuta a gaban shaidu, kuma na ga dacewar hakan.

Ta biyu ƴan kamasho ne da direbobi. Direba ya saba ya ga layinsa da idonsa, yana tsoron idan ya yi nisa a tsallake shi. Allo ya raba gardama: aka kafa shi a ƙarƙashin dal, ana rubuta lambobin motoci da alli bi da bi, kwafi ɗaya a hannun wani dattijon direba a kangon jira. Sati biyu na farko an yi rigima kusan kullum. Ranar da aka mayar da ƙanen wani babban ɗan kamasho ƙarshen layi don ya yi tsallake, aka daina.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyaka ta sake rufewa, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta ɗauke, motoci suka ragu. Mai walda ya yi ƙofofin da janareta, kaya suka yi tsada. Amma rashin cunkoson ya ba da damar fasa katanga ba tare da an rufe tasha ko rana ɗaya ba. Kafin a buɗe iyaka a Maris 2024 an gama.

Abin da aka samu

Na maimaita ƙirgar a Alhamis huɗu na Mayu da Yunin 2024, da yaran nan huɗu da littafi iri ɗaya. Zaman mota a cikin tasha ya sauko daga awa 3 da minti 40 zuwa awa 1 da minti 20. A rana mafi cika mota 91 suka tashi. Lodi a bakin titi ya ƙare, sai mai taurin kai ɗaya-ɗaya. Layin Mirya ya dawo. Shagunan sama duk sun cika. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin unguwar Birni a farkon Satumba, ta cika hanyar gabas da ruwa har kwana biyu motoci suna shiga da ƙyar, sai da aka zuba tsakuwa mota shida. Ƙarƙashin dal bai riƙe ruwa ba.

Manyan motocin ba su dawo ba. Filin yanzu zai ɗauke su, amma kamfanin ya gina nasa wurin. Ga kuma hayar kangon jira, wadda ke cinye kuɗin shago biyu duk wata, mai kangon kuma ya fara maganar zai yi gini.

Hukunci

Tunanin Alhaji na cin moriyar saman tasha daidai ne, kuma hayar da ke shigowa yanzu ta nuna haka. Kuskuren yana cikin jerin aiki. Faɗin shago ne ya zaɓi wurin ginshiƙi, alhali mota mai kaya a ranar da ta fi cika ita ya kamata ta zaɓa. Da an tsaya Alhamis ɗaya da ma'auni a bakin ƙofa a 2018, da an ga tsawon motar Tanut. Ban ɗora wa maginin laifi duka ba, shaguna aka ce ya gina, ya kuma gina su da kyau, har yau babu tsaga.

Dabarun 2021 da 2022 sun faɗi ne don duk suna kokawa da ƙofar, ba wanda ya tambayi me ya sa komai ke bi ta cikinta. Gyaran 2023 ya yi aiki don dalilai biyu da ake iya aunawa: an raba hanyar mota da ta mutum, an kuma fitar da jira daga wurin lodi. Amma akwai sa'a a ciki da ba zan ɓoye ba. Filin a kan kwana yake. Da gidaje ne suka kewaye shi ta gefe uku, da babu katangar fasawa, da zaɓin ya rage tsakanin rushe bene da tashin tasha. Haka kuma rufe iyaka, wanda ya ɓoye ciwon a 2019, shi ya ba da sararin yin aikin a 2023.

Kan hawa na biyu da miƙa dal zuwa ciki, na ba Alhaji ra'ayina a rubuce: sama, a kan ginshiƙan da ke akwai, sai injiniya ya tono harsashi ya duba, musamman biyun da aka taɓa tonewa. Ciki kuwa kada a kafa ko ɗaya muddin wurin jira na haya ne, don ranar da mai kango ya karɓi abinsa motocin nan cikin fili za su dawo. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ƙarafan suna nan a miƙe a saman shaguna, ya sa an shafe su da mai an rufe kawunansu da gwangwanayen tumatir.